Ai Maleriya ce Kawai

Mu biyar ne, tun muna 'yan aji ɗaya a sakandare muke tare, kuma har yau Allah bai raba mu ba. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai mu haɗu a gidan wadda kwasar adashi ta zo kanta, a ci a sha, kowa ta zazzage abin da ke cikinta, bisa sharaɗin duk abin da aka faɗa a kan tabarma a nan zai kwana. Wannan karon na roƙi arziki, suka yarda in fitar da hirar, amma ban da suna. Don haka zan kira kowa da laƙabin da muke kiran ta. Akwai Sista, wadda ta tsufa a aikin jinya a ɗakin yara. Akwai Malama mai koyar da tarihi, wadda ko maganar tsadar tumatir aka ɗauko sai ta kai ta zamanin Gwamna Lugga. Akwai Hajjaju mai shagon atamfa a Kantin Kwari. Sai Auta, wadda ta fi mu daɗewa a gaban iyaye, ga ta yanzu da cikin fari wata biyar, muna ta lallaɓa ta kamar ƙwai a cokali.

Haɗuwar watan Agusta a gidana ta faɗo. Tun hantsi ake marka, ruwan nan da ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa, wuta kuwa rabonmu da ita tun shekaranjiya. Na dafa sabuwar masara da gyaɗa, na cika fulas da shayi mai citta da kanumfari. Kowa ta kai hannu ban da Hajjaju.

"Ni da sabuwar masara ai haihata-haihata," in ji ta. "Bara ita ta kayar da ni. Na ci da la'asar, kafin asuba haƙorana na haɗuwa, bargo biyu bai ishe ni ba. Sati guda cur ban buɗe shago ba."

Sista ta ajiye totuwar da ke hannunta. "Wallahi Hajjaju kin ɗauki alhakin masara. Abin da ya kayar da ke ya shiga jikinki tun masarar tana gona ba ta nuna ba. Sauro ya cije ki yau, ƙwayar cutar ba ta tsayawa yawo, nan da nan ta lallaɓa ta shige hanta. A can za ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, ɗaya ta zama dubbai, ke kuwa kina shago kina ciniki lafiyarki ƙalau. Sai ta gama shiri sannan ta fantsamo, ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana ci tana fasa su. Fashewar nan ce take kawo rawar ɗari da zafin jiki. Daga cizo zuwa kwanciya galibi kwana 10 ne zuwa sati 2. To wa zai tuna cizon da aka yi masa sati biyu baya? Sai ya kama abin da ya ci jiya."

Ni dai wannan lissafin ya wanke mini kakata, Allah ya ji ƙanta. Ita ma tana hana mu tumu da sabuwar masara da nonon damina, wai suna kawo masassara. Da na yi boko na riƙa yi mata kallon mai camfi, ashe idonta ya gane lokacin daidai, ɓarawon ne kawai ba ta kama ba. Ruwa ya kwanta a Yuli da Agusta, sauro ya zuba ƙwai, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama mai fiffike. Kafin ya yi cizo, cizon ya nuna a jiki, masara ta nuna a gona, gero ya fitar da kai. Shi ya sa cikar asibiti da shigowar sabon amfani suke zuwa tare kamar tagwaye.

Muna cikin haka Auta ta kai wa damtsenta duka. "Ga ɗan banzan nan, tun ɗazu yake min waƙa a kunne."

Sista ta haska gawar da tocilan ɗin waya, ta taɓe baki. "Da alama na kwata ne wannan. Shi mai yawan kukan nan, wanda ke tashi daga ruwan ƙazanta, hana barci ne aikinsa. Mai kawo maleriya dangin Anofilis ne, bai cika surutu ba, kuma in ya sauka a bango za ki ga ya dukar da kai ya ɗaga gindi sama. Ruwan da yake so ma ba na kwatami ba ne, ya fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a rana, irin na sawun shanu, ko inda tayar mota ta lotsa ƙasa, ko ramin da aka haƙa don yin bulo, ko gonar shinkafa. Kuma macen ce take cizo, don jini take nema ta ƙosar da ƙwanta. Namijin ruwan fure yake sha. Ita ɗin ma sai ta fara cizon mai ɗauke da cutar, ƙwayar ta yi kwana 10 ko fiye tana girma a cikinta, sannan ta hau bakinta. Wadda ta daɗe a duniya ce abin tsoro."

"Mace, tsohuwa, marar surutu, mai aikin dare," in ji Hajjaju tana lissafawa da yatsu. "Ai na san ta. A bayan layinmu take."

Sai da muka yi dariya har Auta ta riƙe ciki.

Malama dama jira take a ba ta ƙofa. Ta gyara zama ta ce mu daina ganin laifin tsofaffinmu, don Turawa ma sun daɗe suna lalube a duhu. Sunan maleriya kansa daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa mummunar iska, domin sun ɗauka warin fadama ne ke sa zazzaɓin. "Kun ga su ma iska suka ɗora wa laifi, tasu dai mai kaɗawa ce, tamu mai hawa kai." Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar da idonsa a jinin wani majinyaci a Aljeriya. Bayan shekara 17, a 1897, Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Ta ce da Turawan mulki suka samu wannan ilimi, abin da suka fara yi da shi a ƙasar nan shi ne nesanta kansu da mu. A dokar garuruwa ta 1917 aka tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji 'ya'yanmu ya ƙarasa gidajensu. "Yawancin GRA ɗin nan da ake taƙama da su, har da tsoron sauro a harsashinsu."

Hajjaju ta ɗaga kai sama tana motsa baki. "Yadi 440, turmi 73 ke nan da ɗoriya. Kai, ashe sun raina fiffiken sauro."

Malama ta ƙara da wani labari da ban taɓa ji ba, ga shi kuwa a ƙofar gidanmu aka yi shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban gwaji a ƙauyukan Garki, ta Jigawa ba ta Abuja ba, lokacin tana cikin Jihar Kano. Aka bi ɗaki-ɗaki ana feshi a bango, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba wa kowa magani, ana ɗibar jini ana dubawa, ana kama sauro ana ƙirgawa. Cutar ta ja baya sosai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Cikin dalilan har da cewa wani sauron in ya sha jini waje yake fita ya huta, bai sauka a bangon da aka fesa ba. Har yau masana a duniya suna komawa ga alƙaluman Garki.

"To in dai su da kuɗinsu da iliminsu sun kasa, mu mene ne namu?" in ji Hajjaju. "Ai maleriya ce kawai, kowa yana yi. Abokiyar zama ce."

Kalmar nan ta "kawai" ce ta tsaya mini a wuya. Na yi shiru ina juya kofin shayi, sai Sista da ta fi kowa sanin fuskata ta ce, "Ke kuma lafiya?" Na ce akwai abin da na shekara shida ina ɓoye musu.

Kun tuna lokacin da aka kwantar da yarona na biyu yana ɗan shekara uku, kuka zo dubiya na ce muku abin farat ɗaya ya zo? Ba farat ɗaya ba ne. Tun Alhamis da yamma jikinsa ya yi ɗumi. Na taɓa goshinsa na ce ai maleriya ce kawai, na ba shi farasitamol na ruwa. Juma'a da safe ya tashi yana wasa da motarsa, na ce alhamdu lillahi ya sauka. Da dare ya dawo, na sake ba shi, na dafa ganyen darbejiya na yi masa wanka da ruwan. Asabar ya ƙi cin komai, ko shayi ya sha sai ya dawo da shi, yana ta barci. Ni kuwa ina da bikin 'yar ƙanwar maigidan, an yi anko, an kai ɗinki. Na bar shi wajen yarinyar da ke taya ni aiki na ce in Allah ya kai mu Litinin mu je asibiti. Na tafi na sha rawa, har liƙi na yi.

Wajen ƙarfe biyu na dare na ji gadon yana motsi. Na kunna fitila na ga idonsa ya juye, haƙora a datse, hannu da ƙafa suna fizga. Abbansu ya yi tafiya. Na fita tsakar gida ba ɗankwali ina salati. Maƙwabciyata, tsohuwa mai kirki wadda har gobe ina ganin girmanta, ta shigo da garwashi da turaren hayaƙi tana cewa iska ce ta shafe shi, a kawo cokali a sa masa a baki. Ɗanta mai adaidaita sahu ne ya ce, "Inna, a yi addu'ar a hanya," ya sungume shi.

Nas ɗin da ta karɓe mu ba ta ce komai ba da farko. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta haska. Fari fat kamar takarda. Ta buɗe tafin hannunsa ta ɗora kusa da nata don in gani da idona. Aka soki yatsansa, kafin minti 20 layi biyu suka fito a ɗan abin gwajin. Aka yi masa allura ta jijiya, aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara. Ƙanin maigidan ne ya zo da asuba ya ba da leda ɗaya. Tana cike takarda ta tambaye ni, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Yaushe ya fara?" Na ce jiya. "Yana kwana a gidan sauro?" Na ce e.

Gidan sauron kuwa yana kan sif a cikin ledarsa, shekara biyu da aka raba mana shi, ko ɓarke bakin ban yi ba. Kuma in gaya muku gaskiya ba zafi ne kaɗai ya hana ni ɗaura shi ba. Gadon da aka kashe wa kuɗi, da zanin gado mai tsada, da labule kalar fenti, sai in zo in lulluɓe shi da raga kamar akurkin kaji? Baƙi su leƙa su ce me?

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga ƙauye da 'yarta, ba ta fi nawa girma ba. Kwana biyu muna raba ruwan zafi da ita. A dare na biyu yarinyar ta cika. Matar ba ta yi kururuwa ba. Ta naɗe tabarmarta, ta sa kwanukanta a buhu, ta ɗauki yarinyar ta goya, ta ɗaure zani tamau ta lulluɓe ta da mayafi, don kada direban mota ya gane ya tsawwala mata kuɗi. Ta juyo ta ce da ni, "Allah ya ba naki lafiya." Ita ma ranar Alhamis tata ta fara.

Babu wadda ta yi magana. Ruwa na ta ɗiga daga indararo. Auta ta matso ta riƙe hannuna.

Na zaci Sista za ta yi min faɗa, don bakinta ba ya da linzami. Sai ta ce, "Ƙawata, in da za a ba ni naira ɗari duk lokacin da uwa ta ce min 'jiya ya fara', da na gina gida a Nasarawa. Mu ma mun san ba jiya ba ne, jinin yaron ne yake faɗa mana. Ba ma ƙaryata uwa ne don ta riga ta sha wuyar da ta ishe ta." Ta ce abin da take so kowa ta riƙe shi ne banbancin jikin babba da na yaro. Mu da muka girma a nan an cije mu sau ba adadi, jikinmu ya saba da faɗan, shi ya sa muke kwanciya kwana uku mu tashi mu ce kawai. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai tara wannan garkuwa ba, jininsa kuma ɗan kaɗan ne. Irin ƙwayar da ta fi yawa a ƙasar nan, falsifarum, ita ce mafi muni cikin danginta, don tana sa ƙwayoyin jini su manne a ƙananan jijiyoyi, har na ƙwaƙwalwa. Daga wasa da mota zuwa suma, wani lokacin kwana ɗaya ne tsakani. Farasitamol kuwa zafin yake rufewa, ƙwayar tana ciki tana aikinta. "Yaro ya yi zazzaɓi, kada rana ta sake fitowa sau biyu ba a soki yatsansa ba. In kuwa ya ƙi nono, ko komai ya ci sai amai, ko barcin ya yi yawa ba ya tasuwa, ko ya fara jijjiga, ko numfashi na fita da ƙyar, ba a jiran gari ya waye. Kuma don Allah a daina cusa cokali. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa. Addu'a ba ta hana tafiya, a mota ma ana tofi."

Ta kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ta ce ta haddace su saboda yawan ji a wajen bita. A 2023 an ƙiyasta kamuwa miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu, mafi yawansu yara ƙanana a Afirka. Kusan 3 cikin kowane 10 na mamatan 'yan Nijeriya ne, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka kwashi sama da rabin asarar. Hajjaju da lissafi ba ya yi mata wuya ta runtse ido. "Wato mu kaɗai wajen mutum 500 a rana. Jirgin alhazai guda ke nan cike. Da jirgi ne yake faɗuwa kullum ai da an rufe ƙasar."

Wataƙila ganin na tona kaina ne ya sa Hajjaju ma ta saki jiki. Ta ce ita fa rabonta da gwajin jini ta manta. Da ta ji kasala ko ciwon kai sai ta aiki yaron shago kemis a haɗo mata na maleriya da taifot. Ta sha kwana ɗaya ko biyu, da ta ji garau sai ta jefa sauran a jaka don gaba. Ta zuge jakar ta nuna mana: katin magani uku, kowanne an ci rabi.

Nan fa Sistar da muka sani ta dawo. Ta ce ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, kuma wannan auren dole da aka ɗaura wa maleriya da taifot ya cinye kuɗin mutane ba gaira ba dalili, domin gwajin taifot ɗin da aka fi yi a ƙananan wurare yakan nuna akwai alhali babu. Shi kuma maganin maleriya na yanzu, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana 3, kuma ya fi shiga jiki in an ci abu mai maiƙo ko an sha madara. Sinadari biyu ne a ciki, ɗaya mai saurin duka ne ya kashe mafi yawa, ɗayan mai jinkiri ne ya share ragowar. Wanda ya tsaya a rabi ya bar masu taurin kai da rai ke nan. "Kun manta kulorakwin?"

Wa zai manta? Ɗacin da ko ka bi shi da sukari sai ya kwana a maƙogwaro, ga ƙaiƙayin da ke sa mutum ya riƙa susa da masara ko tsintsiya, tafin hannu da tafin ƙafa, har sai an haɗa maka da firitin. Da arha yake kuma da yana aiki, sai ƙwayar cutar ta saba da shi, har a 2005 Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko. Sista ta ce na yanzun ma an fara ganin alamun ƙwayar tana yi masa taurin kai a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya, kuma babu wani a ajiye da ya kai shi.

Malama ta cafe zancen, ta ce wannan magani mace ce ta samo shi. Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, suka tace sinadarin daga wani ganye a farkon shekarun 1970, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ganyen kuwa ɗan uwan tazargade ne. Hajjaju ta tafa hannu ta ce to ai shi ke nan, a koma tazargade. Sista ta ce a'a, wanda aka tace aka auna daban, wanda aka jiƙa a kofi daban. Na kofi ba ki san nawa kika sha ba, kuma ɗan kaɗan ɗin da bai isa kisa ba shi ne yake koya wa ƙwayar jure duka.

Duk wannan hira Auta ta yi tsit, tana ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya Sista, ƙwayoyin nan guda uku da ake ba mu a wajen awo, na maleriya ne ko?"

"Fansida. E. Kin sha?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce sau biyu ana ba ta, tana sa su a baki ta riƙe a kumatu, in ta fita ta tofar a bayan katanga. Wata a gidan mijinta ce ta ce mata yana zubar da ciki, ita kuwa bayan jiran da ta sha, ko ƙwayar ciwon kai tsoron ta take ji. "Kuma ni lafiyata ƙalau, ban yi zazzaɓi ba."

Sista ta tashi daga inda take ta koma kusa da ita. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali haka ba. Ta ce mai ciki, musamman na fari, garkuwarta tana raguwa, kuma ƙwayar maleriya tana da wurin ɓuya a jikinta da babu a jikin kowa, wato mabiyiya. Sai ta taru a can ta tare hanyar abincin jariri, uwa ba ta ji komai ba, wani lokacin ko gwajin yatsa bai nuna ba. Sai a haifi ɗa ɗan firit, ko ya zo kafin lokaci, ko uwa ta shiga naƙuda ba jini. Shi ya sa ba a jiran zazzaɓi. Ana farawa ne bayan ciki ya wuce wata uku, a riƙa bayarwa wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. "Abin da kike gudu, rashin shan ne yake kawo shi. Ranar awonki ki kira ni, ni zan raka ki, in tsaya a kanki har sai kin buɗe baki na ga harshe."

Auta ta yi dariya da hawaye a ido.

Daga nan hira ta gangara kan masu bin gida-gida da damina suna ba yara magani, wanda ake bai wa 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata har damina ta wuce, kwana 3 a jere kowane zagaye. Hajjaju ta ce a layinsu akwai gidajen da ke rufe ƙofa in sun hango su. Malama ta ce kada a yi saurin zagin su, mutanen Kano ba su manta abin da ya faru a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da aka gwada wani magani a kan yara, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sista ta ce haka ne, amma wannan magani tun 2012 aka amince da shi, ana ba miliyoyin yara a Nijeriya da Nijar da Chadi da Mali, kuma ita a ɗakinta tana ganin banbancin shekarar da aka raba a kan kari da wadda aka makara. Matsalar da ta fi gani ita ce ta rana ta biyu da ta uku, waɗanda ake bar wa uwa ta bayar da kanta, sai a tsince su a kan taga. Ta ce allurar rigakafi ma ta iso, an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, sau 4 ake yi daga wata 5. Kebbi kuwa ba a banza aka zaɓe ta ba, binciken 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran jihar suna ɗauke da ƙwayar a jini, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 cikin 100 ne. Sai dai ta ja kunne cewa allurar rage haɗari take yi, ba ta sallami gidan sauro ba.

"Ni fa Alhaji ne matsalata," in ji Hajjaju. "Ya ce in ya shiga ji yake kamar an sa shi a makara. Gara ya kunna igiyar leƙo, ko a yayyafa fiya-fiya."

Sista ta ce fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne, ta ga yaran da aka kawo a sanƙare saboda an yayyafa an rufe ɗaki da su. Gidan sauro kuwa in sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga, shi ke hana ƙaiƙayin fuska, a riƙa tura gefensa ƙarƙashin katifa, in ya huje a ɗinke. "Shi kuma Alhaji ki bar shi a waje kwana biyu, ke ki shige. Duk sauron ɗakin kansa za su koma. Da ƙafarsa zai zo yana sallama."

Ana kiran magariba ruwan ya tsagaita. Hajjaju ta miƙa hannu ta ɗauki masara, ta dube ta kamar mai neman gafara, ta gatsa. Ta naɗe biyu a leda ta tura a jaka, kusa da ragowar magungunanta, sai Sista ta zura hannu ta kwashe katunan uku ta sa a tata jakar ba tare da ta ce uffan ba.

Muna naɗe tabarma aka turo ƙofa. Yaron nan nawa ne ya dawo daga Islamiyya, ya jiƙe sharkaf, ya ɗora jakar littattafansa a ka, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida su ɗaya bayan ɗaya. Su huɗun suka zuba masa ido, babu mai ƙiftawa, har Auta ta kai hannu ta taɓa goshinsa.

Ya dube su, ya dube ni. "Umma, me na yi?"

Na ce ba komai, je ka cire kayan nan. Ya leƙa cikin kwano ya ce, "Wa ya cinye masarar?"